Lambobi shida da aka karanta wa ɓarawo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yanzu na fito daga aji. Ƙarfe huɗu ne kacal, amma kun ga gari ya fara duhu, haka hunturun Ingila yake. 'Yan garinmu na can yankin Gumel kullum kuna tambayata: Malam, wai me kake koyarwa ne a ƙasar Turawa? To yau ga amsa.

Tsaron intanet nake koyarwa a jami'a, bincikena kuma a kan fasahar bulokcen ne, wato hanyar adana bayanai ta yadda ba za a iya sauya su a ɓoye ba.

A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuya, Kawuna ya kai raguna biyu kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Mai saye ya tura masa kuɗin ta banki. Bayan kwana biyu wani ya kira shi, da Hausa tsantsa, har da gaisuwar girmamawa, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunsa idan bai karanto lambar da aka turo masa ba. Kawu ya miƙa wa jikansa wayar, yaron ya karanto lambobi shida. Kafin la'asar ko kwabo babu. Da na kira shi, abin da ya ce mini ke nan: "Ɗana, ai ya san sunana, ya san na mahaifina."

Ina tsakiyar digirin digirgir a lokacin, kuma wallahi maganar nan ta hana ni barci.

Yau a aji mun yi darasi a kan WannaCry, harin da a watan Mayun 2017 ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin nan Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ɗalibai suna son irin wannan labarin. Ni kuwa sai na ba su na Kawu, domin ɓarawon nan bai fasa kwamfutar kowa ba. Ta ƙofar yarda ya shiga, ya samu dattijon da ba zai iya katse waya a kan wanda ya gaishe shi da ladabi ba. A Najeriya muna da BVN tun 2014, muna da dokar laifukan intanet tun 2015, amma wa ya zauna da mutanen ƙauye ya yi musu bayani da harshensu?

Bulokcen kuma, ku ɗauki adashi. Littafi ɗaya ne a hannun uwar adashi, in ta goge layi shi ke nan. To a ce kowa a cikin zubin yana da kwafinsa, kowane shafi kuma yana ɗauke da hatimin wanda ya gabace shi. Ka taɓa ɗaya, sauran su tona maka asiri. Dabarar da kuɗin intanet na Bitcoin ya fara aiki da ita ke nan a 2009. Ƙannena masu kwana kuna danna waya da sunan mainin, wato haƙar kuɗin intanet, ba wannan nake yi ba. Ina duba yadda za a rubuta cinikin riɗi da zoɓo tun daga gona har sito, ta yadda dillali ba zai sauya adadin buhu a hanya ba. Sai dai fa in ƙarya aka shigar tun farko, ƙaryar zai adana. Nan ne aikin ya fi ba ni wuya, sau biyu ana dawo mini da maƙala a kan wannan gaɓar.

Mai sha'awar hanyar nan ya riƙe lissafi da kyau. Jami'ar Bayero da ta Tarayya da ke Dutse duk suna karantar da ilimin kwamfuta, malaman jami'a kuma asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund na ɗaukar nauyin ƙaro karatunsu.

In Allah ya kai mu hutu zan zo gida, mu zauna da masu POS na bakin kasuwa, Kawu ma ya ce zai zo ya ba da labarin da bakinsa. Ga bas ɗina ta iso. A gaishe mini da mutanen gida.