Fuffuken jirgin roba ya karkace: wurin sanyaya shi ake yin kuskure

Wannan fuffuken ƙaramin jirgin roba ne da ake haɗawa da hannu, kwaikwayon jirgin yaƙin Spitfire, na kamfanin Airfix, sikelin 1/72, wato na gasken ya ninka shi tsawo sau 72. Ku dubi ƙarshensa, ya ɗaga sama, ya ƙi kwanciya a kan gilashi. Galibi an danne kwalin ne da kaya masu nauyi, ko an bar shi a mota cikin rana. Wanda ya taɓa ajiye mota a Sakkwato a watan Afrilu ya san zancen.

A bidiyoyin da ke yawo, za ku ga an tsoma shi a ruwan zafi, an lanƙwasa, an ɗaga wa kyamara, shi ke nan. Ba sa nuna muku washegari, lokacin da ya koma gidan jiya.

Ruwan tukuna, a gurguje. Robar nan polistarin ce, tana sakin jiki gaba ɗaya a wajen digiri 100, wato daidai tafasar ruwa. Kada ku kai can, domin siririn sashe zai takure ya nannaɗe, kuma ba ya dawowa. Kofi uku na tafasasshen ruwa, kofi ɗaya na ruwan famfo, kun samu wajen digiri 80. In kuwa sashen na rezin ne, wata irin roba daban, rabi da rabi ya isa, shi ya fi saurin laushi. Ku fara gwadawa da guntun firam ɗin da sassan suka zo maƙale a jiki. A riƙe da hantsaki, a tsoma daƙiƙa 20 zuwa 30. Mai kauri ya kai minti ɗaya.

To, nan ne wurin da nake so ku tsaya. Zafi laushi kawai yake ba robar, sanyi ne ke kulle sabuwar siffar. Ku lura da hannuna. Na miƙar da shi, na ɗan wuce daidai kaɗan, kamar milimita ɗaya ko biyu, saboda zai ja baya. Ban saki ba. A haka, yatsuna na riƙe da shi, nake kai shi cikin kwanon ruwan sanyi. Shi ya sa kwano biyun suke dab da juna. In sai kun tashi kun je famfo, aikin ya riga ya ɓaci.

Kuma kada ku yi saurin cirewa. Roba ba ta saurin fitar da zafi: bayanta zai yi sanyi a hannu alhali cikinta da sauran ɗumi, cikin nan ne ke jan fuffuken ya koma yadda yake. Ku ƙirga sittin. Eh, akwai gundura, ku ƙirga dai.

Idan sashen shimfiɗaɗɗe ne, kamar ƙasan mota ko benen jirgin ruwa, yatsu ba za su iya ba. A ɗora shi a kan gilashi yana da zafi, a danne da wani abu mai faɗi, a matse da abin maƙale shanya, a bar shi ya huce a haka. Bai miƙe duka ba? A sake zagaye na biyu, na uku. Ya fi a tilasta masa lokaci ɗaya. Kun ga wannan farin layin? Alamar an matsa wa robar ce tun ba ta yi laushi ba, daga nan sai karyewa.

Dirayar gashi tana yi, daga nesa, kuna kaɗa ta. Babbar na'urar hura zafi ta masu kankare fenti kuwa tana wuce digiri 300, ni ban ga dalilin kusantar da ita ga fuffuken 1/72 ba. Kyandir kuma a bar shi, robar tana kamawa da wuta, hayaƙinta baƙi ne mai cutarwa.

Duk wannan kafin gam da fenti ake yinsa. Murfin wurin zaman matuƙi mai garai-garai kuwa ya fi sauran saurin tsagewa, in ya yi fari ba gyara, don haka a rage matsi, a ƙara zagaye.