Amsoshin Tambayoyinku: Ƙaranci, Albarkatu da Kuɗin Ruwan Jarka

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata ɗalibar sakandare a Gusau, wadda take cewa malaminsu ya koya musu cewa ƙaranci shi ne tushen ilimin tattalin arziki, ita kuwa abin ya ɗaure mata kai, tunda ga kasuwa nan maƙil da kaya.

To, malama, yankewar kaya a kasuwa daban, ƙarancin da masana suke nufi kuma daban. Abin da suke nufi shi ne buƙatun ɗan Adam ba su da iyaka, amma ƙasa da lokaci da kuɗi da ƙarfin da zai biya su da shi ƙididdigaggu ne, saboda haka dole ya zaɓi wani abu ya haƙura da wani. Manomin da ke da kadada biyu, idan ya shuka gero a damina, ya riga ya haƙura da gyaɗar da filin zai ba shi. A kan wannan ne masanin Biritaniya Lionel Robbins ya gina ma'anar wannan ilimi a 1932.

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta fi kowane misali fito da batun. Ruwa ɗaya ne, amma masu noman rani na Kadawa suna jiransa, birnin Kano yana sha daga gare shi, sannan masunta da makiyaya da manoman fadamun Haɗejiya da Nguru sun dogara da abin da ya gangaro musu. Duk abin da aka ƙara wa wani ɓangare, an rage wa wani ne, kuma a ganinmu mutanen da ke ƙarshen kogi su ne aka fi mantawa da su wajen wannan rabo.

Wani mai sauraro kuma daga Damagaram yana tambaya: tunda ruwa kyauta ne daga Allah, me ya sa ake sayar da shi?

Malam, ruwan saman da ka tara daga indararo ba wanda zai karɓi ko sisinka a kansa, shi ya sa masana suke sa shi cikin kayan da ake samu kyauta, kamar iska da hasken rana. Amma kafin jarka ta iso ƙofar gidanka, an haɗa abubuwa huɗu waɗanda babu abin da ake sarrafawa sai da su: ƙasar da ruwan yake ƙarƙashinta, jarin da ya haƙa rijiyar burtsatse ya sayi inji da kura, gumin ɗan garuwa da ya turo ta cikin rana, da kuma dabarar wanda ya tsara harkar ya ɗauki kasadar asara. Waɗannan kake biya, kuma shi ya sa farashin jarka yake tashi da bazara ko ranar da mai ya yi tsada.

Mu jiyo wasiƙa ta gaba bayan wannan ɗan taƙaitaccen hutu.