Sharhi: Jujin Ƙauye da Ledar da Ta Mamaye Shi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai duba shara a gidajenmu na karkara, musamman abubuwan da muke jefarwa alhali ba su gama amfani ba.

A ƙauyukan Kano da Jigawa juji dukiya ne. Tokar murhu, da kashin awaki, da sharar tsakar gida duk ana tara su wuri guda, idan rani ya yi nisa a kwashe su a mangala ko a amalanke zuwa gona su zama taki. Wannan tsari ya ɗore ne saboda kusan duk abin da gida yake zubarwa mai ruɓewa ne. Yau kuwa wanda ya ratsa gona bayan an watsa taki zai ga leda baƙa da fara ta cika kunya, kuma ba ta ruɓewa a shekara ɗaya ko biyu, sai ta zauna tana hana ruwa ratsa ƙasa. Akuyar da ta haɗiye ta kuwa sai ledar ta dunƙule mata a tumbi, ta yi ta ramewa mai ita yana zargin wata cuta daban. Mahauta sun fi kowa sanin wannan, domin su suke fito da ita da hannunsu.

Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu dai kafin doka ta iso ƙauye, dabarar tana hannunmu tun kaka da kakanni. Ƙwarya idan ta tsage gyartai ake kai wa ya ɗinke ta. Tsohon tib na mota shi ake yanka a yi gugan rijiya, gwangwanin madara ya zama aci-balbal, buhunan da aka juye hatsi a haɗa su a ɗinke su zama shimfiɗar shanya. Ledar ruwan sha, wadda ita ce ta fi yawa a ranar kasuwa irin ta Wudil ko Maigatari, idan aka yanke bakinta, aka huda ƙasanta, aka cika ta da ƙasa da taki, ta isa a reni zogale ko darbejiya ko mangwaro har lokacin dashe, kuma yankin da hamada take matsowa yana bukatar kowane dashe. Magidancin da ya tafi cefane da kwandonsa ko jakarsa ya rage wa gidansa leda da yawa ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Sai dai ba kowane abu ne ake sake amfani da shi ba. Jarkar maganin feshi ko ta maganin ciyawa, komai wankin da aka yi mata, bai halatta a zuba ruwan sha ko man gyaɗa ko nono a cikinta ba, domin dafin yana shiga jikin robar. Abin takaici, ana ganinta a hannun yara a bakin rijiya. A ɗauraye ta a gona, nesa da ruwa, a huda ta. Ƙona leda a tsakar gida ma ba mafita ba ne, hayaƙinta yana cutar da ƙirji, musamman na yara da tsofaffi. Gwangwanin da aka adana a kife shi da damina saboda sauro, ƙarfen da ya mutu kuma a ajiye wa 'yan gwangwan, suna saye da kuɗi.