Kafin Ka Bar Makarantarka Don Karanta Kasuwanci

(An rubuto daga rikodin laccar da aka yi wa ɗalibai a Katsina)

Assalamu alaikum. 'Ya'yana, a cikin takardun tambaya da kuka miƙo, wadda ta fi maimaituwa ita ce ta masu son barin makarantarsu su koma wata don karanta kasuwanci. To, ku ba ni aron kunnuwanku.

Kasuwanci kuke so, ko gudun wahalar kwas ɗinku kuke yi? Ina tambaya ne don da yawa na zaton can babu lissafi. Akwai shi, har da ƙididdiga da ilimin akanta, tun daga aji ɗaya. Ko JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ba ta barin mai neman wannan fanni ya zauna jarrabawa babu Lissafi da Ikonomis, kuma sai kana da kiredit ɗinsu a takardar sakandare. Wanda ya yi kimiyya zalla bai taɓa zama ajin Ikonomis ba, ya duba takardarsa tun yau.

Sannan canjin yana cin lokaci. Sabuwar makaranta za ta nemi sakamakonka daga tsohuwar, ta duba makinka, kuma sau da yawa ta mai da kai baya da aji guda, don darussan da ka yi ba su dace da nata ba. Shekara guda ke nan ta kuɗin makaranta, ta haya, ta guzuri, daga aljihun mahaifin da watakila gero ya sayar. Ku tuna kuma, wanda ya wuce shekara 30 lokacin da ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa.

Saboda haka ku fara dubawa a gida. Idan kana Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ko Al-Qalam, tambayi yadda ake canza sashe a cikin makarantar, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kai kuma na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, kada ka watsar da difiloma ana tsaka da ita. Kammala, ka nemi shiga jami'a kai tsaye zuwa aji biyu.

Amma abin da ya fi damuna shi ne masu cewa, "Malam, ni ɗan kasuwa nake son zama." Ɗana, aji ba ya koyar da ciniki. Jeka Babbar Kasuwa ka zauna shagon kawunka hutu ɗaya. Ka ga yadda yake buɗe littafin bashi da yamma, ya lissafa kwalin taliya nawa ya fita, nawa aka biya, ya ware riba ya bar uwar kuɗi ba ya taɓa ta ko da ana suna a gidansa. Ka je Mai'aduwa ranar kasuwa ka ga yadda canjin sefa da naira ke juya farashin rago kafin azahar. Duk wannan za ka iya koyonsa kana riƙe da kwas ɗinka.

Wanda kuwa ya zauna shagon ya ji littafin ne ke jan hankalinsa, yana son sanin haraji da binciken kuɗi, yana hangen jarrabawar ICAN ta zama ƙwararren akanta, shi kam ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Ya shawarci iyayensa, ya yi istihara, ya nemi canjin tun yana aji ɗaya ko biyu, kuma kada ya ajiye gurbinsa sai takardar karɓa ta sabuwar makaranta ta shiga hannunsa.

Yanzu 'yan mata na baya, naku tambayoyin nake jira.