Gudaji a Kwalbar Bakteriya: Abin da Ya Sa Na Sauko Digiri 18

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanena na Jos. Ƙarfe bakwai na safe ke nan a Jamus, ko shayi ban kurɓa ba na taho ɗakin gwaji. Ku matso ku ga kwalbar nan. Jiya ruwan garau yake kamar shayin da ba madara, yau ya yi duhu kamar kunu. Ƙwayoyin bakteriya na E. coli ne fal a ciki, nau'in BL21 da muke sa wa aikin ƙera furotin, sun kwana a injin girgiza a digiri 18.

Ƙanwata da ke Jami'ar Jos ta turo mini saƙo: "Yaya, ai 37 aka koya mana, me ya kai ki 18?" Gaskiyarki, ƙanwata. A 37, zafin jikin mutum, in abinci ya wadata, duk minti 20 sukan ninka yawansu. Ni ma a nan nake fara rainonsu. Matsalar sai an zuba IPTG, sinadarin da ke tayar da ƙwayar halittar da muka dasa musu. Nan take su kama ƙera furotin ba ji ba gani. Shi kuwa furotin kamar zare yake, sai ya naɗe daidai zai yi aiki. Wannan bai gama naɗewa ba wani ya fito, sai su manne wa juna su dunƙule. Gudaji dai, irin na tuwon da aka antaya wa gari wuta na ci.

Makon jiya na gani a ƙwaryata. Awa 4 a 37, na fasa ƙwayoyin, na juya a santirifuj, injin da ke wulwula kwalba har abu mai nauyi ya kwanta ƙasa, furotin ɗina duk ya kwanta a gindin kwalba, ruwan saman, inda furotin mai kyau yake zama, ba komai. Ana iya narkar da gudajin da yuriya a sake naɗe shi, amma aiki ne ja, kuma ba duka yake dawowa ba.

A 18 sukan rage gudu, kowane zare ya samu sararin naɗewa. Kuɗinsa haƙuri ne, awa 16 zuwa 20. Wani furotin ma 25 ta ishe shi, sai ka gwada ka gani. Da a gida nake cikin hunturun Disamba, ina ga taga kawai zan buɗe, in dai wuta za ta kai asuba.

To, bari in sa safar hannu in ɗebo ƙanƙara. Da la'asar zan nuna muku jel ɗin da muke duba furotin da shi, in Allah ya yarda.