Taghazout: Ƙauyen Masuntan da Igiyar Ruwa Ta Sauya

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. An ce in yi magana kan yawon buɗe ido a gaɓar teku, to ni dai a ƙauye ɗaya zan tsaya: Taghazout, a Maroko, kimanin kilomita 19 arewa da Agadir.

Asalinsa garin masunta ne, Amazigawa, wato 'yan asalin Arewacin Afirka, masu ƙananan kwale-kwale shuɗaye. A shekarun 1960 da 1970 matasan Turai da Amurka suka fara yada zango a can, da tsofaffin motocinsu da tantuna. Ba kifi ya kawo su ba. Hawan igiyar ruwa suka zo yi, wato mutum ya kwanta rub da ciki a kan dogon allo, ya yi ta tuƙi da hannu, in igiyar ta taso ya miƙe tsaye ta ɗauke shi, kamar mahayi ya saki linzami ranar hawan sallah.

To me ya sa nan ɗin? Ku saurara, nan ne ilimin yake. Igiyar da ke fashewa a Taghazout ba a Maroko ake haifar ta ba. Guguwar hunturu ce ke tayar da ita can arewacin Tekun Atlantika, ta yi tafiyar dubban kilomita tana daidaituwa sahu-sahu. In ta iso, sai ta tarar da harshen dutse ya kutsa cikin teku. Maimakon ta rushe gaba ɗaya, sai ta dinga karyewa kaɗan-kaɗan daga gefe guda, mahayi yana gudu a gabanta. Wurin da ya fi shahara shi ne Anchor Point. Da yake guguwar hunturu ce ke kawo igiyar, kakar hawanta daga Oktoba ce zuwa Maris. Ruwan kuwa da sanyi, sai da matsattsiyar rigar roba. Kar ka ji an ce Afirka ka shiga da gajeren wando, bawan Allah.

Batun kwana a tanti, teku na cika ya janye sau biyu a yini. Wanda ya kafa tanti a kan rairayi mai laima, cikin dare ruwa zai yi masa sallama. A duba layin da ciyawar teku da tarkace suka tsaya, a hau sama da shi sosai. Turke ba ya kama rairayi, sai a cika buhu da yashi, a ɗaura igiya a binne. Ruwan sha kuma a taho da shi, don yankin Sus, inda Taghazout yake, fari ya daɗe yana addabarsa. Yanzu ma jami'an tsaro na tashin masu kwana barkatai, suna tura su sansanonin da ke da lasisi.

Kuɗi sun shigo, ba na musu. 'Ya'yan masunta sun zama masu koyar da baƙi, wasu na ba da hayar allo. Ramzi Boukhiam, ɗan Agadir, ya wakilci Maroko a gasar hawan igiyar ruwa a Olamfik na Tokyo da na Faris a 2024. Amma da gwamnati ta kawo aikin Taghazout Bay, da manyan otal-otal da filin golf, filayen da masu tanti ke sauka sun shige bayan katanga, haya kuma ta yi tashin gwauron zabi har ga 'yan gari.

Ku dubi Imsouane, wani ƙauyen masunta can arewa da Taghazout, mai ɗaya daga cikin igiyoyi mafi tsawo a Afirka. A Janairun 2024 hukuma ta rushe gidaje da shaguna da dama na bakin ruwa, ta ce an gina su a filin gwamnati ba izini. A ganina, ko da doka na gefenta, waɗanda suka raya wurin tun ba wanda ya san shi sun cancanci a zauna da su kafin a turo katafila.

Na ga shugaban zama yana duba agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da 'yar'uwa ta can baya.