Bayan Doguwar Suma: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Sake Koyon Aiki

Assalamu alaikum masu kallo. A fim, mutum yakan yi wata guda a doguwar suma, rana ɗaya ya buɗe ido ya kira sunan matarsa, shi ke nan an warke. A gadon asibiti ba haka abin yake ba. Wanda kansa ya bugu sosai, a hatsarin babur ne ko faɗowa daga bisa, da kaɗan-kaɗan yake dawowa.

Likitoci suna da ma'aunin da suke bin wannan dawowar da shi. Wasu likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da shi a birnin Glasgow na Birtaniya a 1974. Abu uku ake dubawa: buɗe ido, magana, da motsin jiki. Maki 15 shi ne mai cikakken hayyaci, 3 shi ne can ƙasa, kuma daga 8 zuwa ƙasa ana lissafa buguwar a matsayin mai tsanani.

Bayan farfaɗowa akwai lokacin ruɗewa, kuma nan ne hankalin dangi ya fi tashi. Majinyaci yana fizge bututun hancinsa, yana zagin mahaifiyarsa, bai san inda yake ba, ka ba shi amsa yanzu ya sake yi maka tambayar. Wani a cikin masu dubiya zai ce jifa ne ko iska. A'a, ƙwaƙwalwa ce ba ta fara riƙe sabon abu ba tukuna. Abin da yake bukata shi ne ɗaki marar hayaniya da fuskokin da ya sani. Dubiya ibada ce, amma mutum ashirin a kan gado ɗaya wahala ce gare shi.

A wannan lokacin mai jinya ya kula da haɗiya. Idan majinyaci yana ƙwarewa ko yana tari in ya sha ruwa, kunun da ake ɗura masa saboda tausayi yana iya gangarawa huhu ya zama ciwon huhu. A bari ma'aikatan lafiya su gwada tukuna. A kuma riƙa juya shi kamar duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, a riƙa miƙe masa gaɓoɓi kada su ƙage.

To yaya warkewar take faruwa? Yawancin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu ba sa dawowa. Waɗanda suka rage ne suke ƙulla sabuwar alaƙa a tsakaninsu su ɗauki aikin. Kamar babban titi ne ya toshe aka koma bi ta lungu: yawan bi ne ke mai da lungun hanya. Shi ya sa masu gashin ƙashi suke sa mutum ya ɗaga hannu ɗaya sau ba adadi, ya tashi ya zauna, ya sake tashi. An fi ganin saurin ci gaba a wata 6 na farko, amma ana iya ci gaba da samun sauƙi shekara da shekaru.

Nan ne tausayinmu yake yin ɓarna. Yana kokawa da maɓallin riga, sai ƙanwarsa ta ce, "Yaya, kawo in sa maka." Yana laluben kalma, sai a ƙarasa masa. A bar shi ya kai cokali baki da kansa ko da rabin shinkafar zai zube. Wannan zubewar ita ce atisayen.

Abin da ya fi wuya shi ne wanda ido ba ya gani. Mutum ya miƙe yana tafiya, ana ta barka, amma ga saurin fushi, ga mantuwa, ga gajiya tun kafin azahar, ga faɗin abin da bai kamata ba a gaban surukai. Gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ke riƙe da linzamin hali, kuma yana cikin wuraren da suka fi buguwa a hatsari. A 1848 wani ma'aikacin layin dogo a Amurka, Phineas Gage, ƙarfe mai tsawon fiye da mita guda ya shiga ta kumatunsa na hagu ya fita ta saman kai. Ya rayu, sai dai likitansa ya rubuta cewa abokansa sun ce ba shi ne mutumin da suka sani ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ke son natsuwa da iya zama da mutane.

Gage ya rasu a 1860 bayan farfaɗiya ta kama shi, kuma har yau tana iya biyo bayan buguwar kai, wani lokaci bayan watanni. Don haka kada a yanke magani ba da izinin likita ba, kada kuma a ba majinyaci makullin babur sai likita ya yarda. Idan bayan sallama aka ga jijjiga, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, a mayar da shi asibiti a take, ko da tsakar dare ne.